Gyaran Zuciya Da Bashin Da Ke Biye Da Shi

Taimako iri biyu ne. Akwai wanda a ke gamawa rana ɗaya, kamar a tarar yaro ya faɗa rijiya, a zura igiya a fid da shi. Da ya taka ƙasa sai mai igiya ya naɗe abinsa ya tafi, ba mai sake binsa bashin kome. Akwai kuma wanda ranar da aka yi shi ita ce ranar da ya fara, kamar ɗaukar maraya, gama wanda ya ɗauki maraya ran Juma'a ba shi da bakin cewa ran Asabar ya gama. Yawancin ɓacin ran da ke shiga tsakanin mai taimako da wanda aka taimaka daga nan ya ke tasowa, watau ɗaya yana zaton irin na fari ya yi, ɗayan kuwa yana ganin irin na biyu aka yi masa alkawari. Abin da za a duba a nan shi ne aikin fiɗa da likitoci ke yi wa yaran da aka haifa da naƙasa a zuciya, a ga wanne ne shi cikin biyun nan, da abin da ke hawa kan mutanen gari irin Dogon Dawa ta ƙasar Birnin Gwari in an yi wa ɗansu.

Zuciyar ɗan Adam ɗaki huɗu gare ta, biyu a dama, biyu a hagu, da bango a tsakani. Jinin da ya gama zaga jiki, launinsa ya yi duhu, shi ke komowa ɓangaren dama, daga nan a tura shi huhu ya sha iska ya yi ja. Sa'an nan ya komo ɓangaren hagu, wanda ke buga shi tun daga kai har ƙafa. Kowane ɗaki yana da ƙyaure mai buɗewa waje guda, don kada jini ya koma baya. Duk ginin nan cikin mako 8 na farkon ciki a ke yinsa, wani lokaci tun mace ba ta tabbatar tana da juna biyu ba. In aka sami tangarɗa a makonnin nan sai a haifi yaro da huda a bango, ko ƙyaure mai ƙunci, ko manyan jijiyoyi biyu sun yi musanyar wuri, ko kuwa ɗaki ɗaya bai ginu ba sam. An ƙidaya a ƙasashe da yawa, cikin jarirai 1,000 a kan sami 8 ko 9 haka. A Nijeriya kuwa a kan haifi jarirai wajen miliyan 7 a shekara, watau masu irin wannan naƙasa za su yi 60,000 ke nan. Da yawansu ƙaramar huda ce, wadda ta kan toshe da kanta. Amma wajen 1 cikin 4 nasu mai tsanani ne, wanda ke bukatar hannun likita tun yana goye.

Cikin masu tsananin akwai wadda wani likitan Faransa mai suna Fallot ya bayyana a 1888, har aka sa mata sunansa. Naƙasa huɗu ce a haɗe, amma gindinta biyu ne: hanyar zuwa huhu ta yi ƙunci, bangon tsakiya kuma yana da huda, sai baƙin jini ya riƙa ƙetarewa ya tafi jiki bai sha iska ba. A jikin Bature fata ce ke yin shuɗi. A baƙin mutum kuwa sai an duba harshe da dasashi da farce. Kan yatsun yaron ya kan kumbura kamar makaɗin ganga. In ya ɗan yi gudu sai a ga ya tsuguna ya haɗa gwiwa da ƙirji, uwa ta yi ta faɗa tana cewa ragwanci ne, alhali kuwa magani ya ke yi wa kansa: tsugunon yana matse jijiyoyin ƙafa, sai jini ya sami ƙarfin bi ta ƙuntatacciyar hanyar nan zuwa huhu. In ba a yi musu aiki ba, wajen 1 cikin 4 ne ke kai shekara 10. Waɗanda jijiyoyinsu suka yi musanya kuwa, 9 cikin 10 ba su cika shekara guda.

Haka abin ya ke a duniya duka, har Ingila da Amurka, sai ran 29 ga Nuwamba 1944. A ranar ne a asibitin Johns Hopkins na birnin Baltimore wani likita, Alfred Blalock, ya karkato wata jijiya mai zuwa hannu ya haɗa ta da mai zuwa huhu a ƙirjin wata 'yar jaririya. Shawarar ta wata likitar yara ce, Helen Taussig, wadda kunnenta ya yi nauyi har ta koyi jin bugun zuciya da kan yatsunta. Wanda ya gwada ɗinkin a kan karnuka wajen 200 har ya ƙware, ya kuma tsaya bisa ɗan kujera a bayan Blalock yana nuna masa inda zai sa allura, wani baƙin mutum ne, Vivien Thomas, ɗan kafinta, wanda bai yi karatun likita ba. Da aka rubuta labarin aikin ba a sa sunansa ba, sai a 1976 jami'ar ta ba shi digirin girmamawa. Kowane ƙaramin ma'aikacin ofis ya san irin wannan rabo. Yarinyar ta farfaɗo, launinta ya gyaru, amma bayan 'yan watanni shuɗin ya komo, aka sake yi mata aiki, ta rasu. Tun daga mutum na fari ke nan aikin ya nuna halinsa.

A 1953 John Gibbon ya yi aiki da injin da ke karɓar aikin zuciya da huhu, don likita ya sami damar buɗe zuciyar ya yi ɗinki a ciki. Da ya ke injin bai zauna da gindinsa ba tukuna, sai wani likita a Minnesota, Walton Lillehei, ya yi wata dabara mai ban tsoro a 1954. Ya kan kwantar da babban mutum, galibi uban yaron ko uwarsa, kusa da yaron, ya haɗa jijiyoyinsu da bututu, zuciyar babban da huhunsa su riƙe rai biyu har a gama. Mutum 45 ya yi wa haka. Bayan shekara 30 aka bi sawunsu, aka tarar 22 suna raye. Daga baya dabaru suka yi ta ƙaruwa. A 1968 Francis Fontan na Faransa ya sami hanyar da mai ɗakin bugu guda ɗaya zai rayu, a 1975 kuma Adib Jatene na Barazil ya mayar da jijiyoyin da suka yi musanya kowace wurinta.

To, yaran nan shekara nawa su ke yi? Amsar ta fi yadda masu aikin na fari suka zata daɗi. A birnin Munich na Jamus an bi mutum 490 da aka gyara wa cutar Fallot, waɗanda suka wuce shekarar farko bayan aiki. A 1997 aka bayyana cewa 85 cikin 100 ke kai shekara 36 bayan aikin. A ƙasashen da ke da wadatar asibiti fiye da 9 cikin 10 na masu naƙasar zuciya suna kai munzalin manya. A lardin Quebec na Kanada an ƙidaya a 2010, aka ga kashi 2 cikin 3 na masu wannan lalura manya ne. Yaran da dā a ke haƙa wa ƙananan kaburbura sun zama malamai da direbobi da iyaye, wasu har da jikoki.

Amma fa duk likitan da ya san aikinsa ba ya cewa ya warkar da irin wannan zuciya. Cewa ya ke yi ya gyara, kuma tsakanin kalmomin nan biyu akwai tafiya. Wanda ya zauna a gidan ƙasa ya san katangar da aka yi wa yaɓe bana tana nan tsaye, amma in aka bar ta damina uku ba a duba ba, za a tashi wata safiya a tarar da ita kwance. Ƙyauren da aka faɗaɗa don jini ya wuce zuwa huhu ya kan riƙa yoyo a hankali, shekara 15 ko 20, ɗakin dama yana kumbura, mutum bai ji kome ba, har ranar da zai ji, a lokacin kuwa ɓarnar ta yi nisa. Tabon ɗinki ya kan rikita bugun zuciya. Bututun da aka sa wa ɗan shekara 2 ba ya girma tare da shi, kamar dai rigar salla, sai an sake. Wanda aka yi wa aikin Fontan hantarsa ce ke ɗaukar nauyin, ta kan taurare da shekaru. Ruɓaɓɓen haƙori ma, abin da ba a ɗauka bakin kome ba, yana iya tura ƙwayar cuta cikin jini ta je ta zauna a kan facin. Wanda aka sa wa ƙyauren ƙarfe kuwa zai sha maganin tsinka jini har iyakar ransa, ana auna jinin a kai a kai, gama in maganin ya yi kaɗan jini ya daskare, in ya yi yawa ya ƙi tsayawa.

Masu sauraron ƙwallo sun san misali ɗaya, ko da ya ke tasa naƙasar ba ta kai waɗannan tsanani ba. Nwankwo Kanu ya ciwo wa Nijeriya zinariya a Atlanta a 1996, a shekarar kuma likitocin ƙungiyarsa ta Italiya suka gano ƙyauren zuciyarsa yana da aibi. Aka yi masa aiki a Amurka, ya koma fili, ya buga wa Arsenal, ya ci ƙwallon da ta ba Portsmouth kofi a 2008. Duk da haka a 2014 sai da ya sake kwanciya aka taɓa zuciyar. In mai wannan ƙarfi da dukiya bai kuɓuta daga komawa ba, ina ɗan manomi?

Ashe ke nan alƙaluman Munich da na Quebec ba na wuƙar likita kaɗai ba ne. A cikinsu akwai hanya mai kyau, da asibiti kusa, da fayil da ba ya ɓata, da likitan da ke aika takarda in mutum bai zo ba. Ko can ɗin ma kukan da likitoci ke yi shi ne samari da yawa su kan daina zuwa da zarar sun bar hannun likitan yara, don suna jin kansu garau, sai bayan shekaru a kawo su ranga-ranga.

Yanzu a ɗauko wannan a aza a kan Dogon Dawa. Gari ne na manoma a kan hanyar da ta tashi daga Birnin Gwari zuwa Funtuwa, ƙasa mai albarkar masara, ga daji ta ko'ina. In ungozoma ko malamin asibiti ya ga harshen jariri ya yi duhu, kafin a san abin da ke damunsa sai an ɗauki hoton zuciyar da na'ura, wannan kuwa sai babban asibiti, kamar na koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, a bi ta Funtuwa da Giwa, ko kuwa na Malam Aminu Kano. Aikin buɗe zuciya an fara shi a Nijeriya a Inugu a 1974, sa'ad da Magdi Yacoub, haifaffen Masar, ya zo ya yi tare da Fabian Udekwu da abokan aikinsa. Amma shekaru da yawa abin yana tashi yana faɗuwa, don haka iyaye masu hali, da waɗanda aka tara wa gudummawa, suka riƙa ɗaukar 'ya'yansu zuwa Indiya. Kuɗin kuwa miliyoyin naira ne, abin da manomi ba zai gani ba ko ya sayar da amfanin shekara da shekaru.

A ce an yi sa'a duk wannan ya yiwu. An yi shela a rediyo, masu hannu da shuni sun ba da, an tafi an komo, yarinya tana gudu ba ta tsugunawa. Likitan can ya rubuta a komo da ita a duba bayan wata 6. To, ƙasar Birnin Gwari ta yi fiye da shekara 10 tana fama da 'yan bindiga, har aka yi lokacin da fita kan hanya sai da rakiyar soja, ko kuwa mutum ya yi sallama da iyalinsa kamar ba zai komo ba. A 2021 hukuma ta rufe layukan waya wajen wata 2 a wasu sassan Jihar Kaduna, har da Birnin Gwari, ta kuma hana hawan babur, don a ƙuntata wa ɓarayin daji. Uban da ke da takardar komawa asibiti a watannin nan ba shi da abin hawa, ba shi da hanyar kiran likita. A ƙarshen 2024 aka yi sulhu, aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari bayan ta daɗe a rufe. Amma zuciyar da aka gyara ba ta san sulhu ko rashinsa ba, yoyonta yana tafiya a kan lissafinsa.

Ganin haka mutane su kan rabu. Wani ya ce, ajali ba ya gaba ba ya baya, a bar yaro a gida a yi masa addu'a. Wannan malamai sun daɗe da warware ta, sun nuna neman magani ba ya karo da tawakkali, kuma mai maganar da kansa ya san arziki na Allah ne amma bai fasa ɗaukar fartanya ba. Inda maganar ajali ta fi yin ɓarna shi ne bayan aiki. Mutumin da ya ratsa teku neman magani, shi ne zai komo ya ce, an yi mai wuyar, saura na Allah, ya ƙi biyan kuɗin mota zuwa Shika. Dā ma duka na Allah ne, na farkon da na ƙarshen. Wanda ya yarda sababi ya halatta a Indiya ba shi da hujjar ƙinsa a Zariya.

Magana ta biyu ta fi nauyi, ba kuwa marasa tausayi ke yinta ba. Su kan ce kuɗin da za a gyara zuciya ɗaya da shi zai sayi gidan sauro da maganin zazzaɓi na ƙauye guda, zai ceci yara da yawa waɗanda ba wanda ya ɗauki hotonsu. Wannan gaskiya ne, kuma duk hukumar da ke rabon ɗan abin da ke cikin baitulmali tilas ta yi wannan lissafi. A cikin gida ma a kan yi shi. Babban wa ya kan zaunar da ƙanensa ya ce, "Kai, gonar nan ta gado ce, ita ke ciyar da mutum goma sha. In ka sayar don ɗaya, sauran fa?" Shi kuma ya ce, "Yaya, da idona zan zauna ina kallonta tana shiɗewa?" Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Sauran 'ya'yan suna da haƙƙi a gonar, ita ma tana da haƙƙi a kan ubanta. Mai gaggawar yanke hukunci a nan, galibi ba gonarsa ba ce, ba kuma 'yarsa ba.

Abin da za a iya cewa shi ne, ba daidai ba ne a bar 'yan'uwa biyu su yi wannan gardama a cikin duhu. Naƙasar zuciya ba ɗaya ba ce. Akwai wadda aiki ɗaya ke ba yaro shekara 30 ko 40 na ƙarfi, da dubawa sau ɗaya a shekara. Akwai kuma irin ta mai ɗakin bugu guda, wadda ta kan bukaci aiki 2 ko 3 kafin yaro ya shiga makaranta, da magani kullum, da likita kusa, sa'an nan duk da haka ƙarshenta ba tabbas. Haƙƙi ne a kan likita ya faɗa wa uba wace iri ce tasa, da Hausar da zai gane, har da abin da zai biyo baya da kuɗinsa, tun kafin a sa hannu a takardar gona. Uban da aka gaya wa gaskiya, ya auna nisan garinsa da ƙarfin aljihunsa, ya ce ba zai iya ba, ya mai da ɗansa gida yana lallashinsa har iyakar kwanansa, bai yi kisan kai ba, kada a bi shi da zunɗe. Wanda ya cancanci zargi shi ne wanda ya san aiki 3 ne ya bar shi yana zaton 1 ne.

Har wa yau lissafin masu gidan sauro bai kai ƙarshe ba. Abin da ke da tsada shi ne ranar fiɗa. Kulawar shekarun da ke biye ba ta kai ko kusa ba: kuɗin mota, hoton zuciya sau ɗaya a shekara, cire haƙori kafin ya ruɓe, 'yan ƙwayoyin magani. Kuma hanyar da za ta kai mai gyararriyar zuciya Shika ita ce za ta kai mai naƙuda da mai sikila. Saboda haka barin yaro bayan an kashe miliyoyi a kansa, don rashin 'yan dubbai, ya fi kowace ɓarna a lissafin, kamar wanda ya yi noma da shuka da ciyawa, ya bar hatsi a gona don ƙyashin kuɗin jaki.

Nan ne magana ta komo kan masu ba da taimako. Ba a raina alherinsu, gama da ba su ba da yaran da yawa ba su kai ko'ina ba. Kanu da kansa ya kafa gidauniya a 2000 saboda irin yaran nan, ta kuma kai da yawa aka yi musu aiki. Amma ɗabi'ar ɗan Adam ce ya fi son taimakon da ke da ranar buki. Ranar da jirgi ya sauka akwai masu ɗaukar hoto, akwai jawabi. Ranar da yarinya ta cika shekara 17, ƙafafunta suka fara kumbura, ba kowa sai uwarta. Wanda ya sa hannu aka buɗe ƙirjin yaro ya shiga taimako irin na biyu, ko ya sani ko bai sani ba, domin shi ya mai da yaro mai gajeren kwana ya zama mutum mai doguwar bukata. Ba a ce ya ɗauki nauyin shi kaɗai har abada ba. An ce dai kafin ya ba da, ya tambaya wa zai duba yaron baɗi, a ina, da kuɗin wa, in ya ga ba amsa ya ware wani abu daga kyautar saboda wannan.

Sauran nauyin na gari ne. Malamai suna da suna ga irin aikin da in wasu suka yi ya sauka daga kan kowa, in kuwa ba wanda ya yi kowa ya ɗauki laifi, kamar wankan gawa da binne ta: faralu kifaya. Mutanen ƙauye ba su taɓa barin gawa a ƙasa don danginta matalauta ne ba. Da wuya a ga dalilin da zai sa a tara wa mutum kuɗin likkafani cikin sa'a guda, a kasa tara masa kuɗin mota sau ɗaya a shekara tun yana da rai. Direban da ke zuwa Funtuwa ran kasuwa, da limamin da ke sanarwa bayan salla, da malamin asibitin da zai buɗe littafi ya rubuta sunayen yaran nan da watan komawarsu, kowannensu yana riƙe da 'yan shekaru daga cikin shekarun yaron.

Wanda ya yi yaƙi da jahilci har ya iya karatu yana da nasa rabo na musamman. Kowane yaro a kan sallamo shi da takarda mai faɗin sunan naƙasarsa, da irin aikin da aka yi, da abin da aka sa masa a ciki, da magungunansa. Bayan shekara 20 likitan da ya yi aikin wataƙila ya mutu, asibitin yana wata ƙasa, uban ma ya tsufa ya manta. Sabon likita ba abin da zai gani sai tabo a ƙirji, tabo kuwa ba ya magana. Takardar nan ta fi takardar gona daraja, ga shi kuwa gara da ruwan sama da gudun hijira sun ci irinta ba iyaka. Ya kamata a kwafe ta biyu ko uku, a ɗauki hotonta a waya, a ajiye ɗaya wurin ɗan'uwa a wani gari. Mai karatu a unguwa shi zai duba ya ce wa maƙwabcinsa, "Malam, watan gobe ne fa aka rubuta." Yaron kuma da ya yi wayo a koya masa sunan cutarsa har ya haddace, ko da kalmar ta yi wa harshe nauyi, gama wata rana shi kaɗai za a kai asibiti.

Saura wuri ɗaya mai wuya, wanda iyaye ba su son a taɓa. Yarinyar da aka gyara tana goye ta girma, masu so sun fito. A faɗa ko a rufe? Uwa tana tsoron in an ji za a gudu, a ce mai ciwon zuciya ce, tsoronta kuwa ba na banza ba ne, an san halin mutane. Amma ciki yana ƙara jinin mace da kusan rabi, zuciya ce kuwa za ta ɗauki wannan kaya wata da watanni. Mata da yawa da aka gyara wa cutar Fallot sun haihu lafiya, in an duba su tun kafin cikin, aka kuma shirya haihuwar a babban asibiti. Wasu irin naƙasar kuwa, musamman in jijiyoyin huhu sun riga sun taurare, ciki yana iya zama ajalin mace, kuma maganin tsinka jini irin na ƙwaya yana iya cutar da ɗan tayi in ba a canja shi ba. Mijin da ba a gaya wa ba zai bar ta ta haihu a ɗaki, kamar yadda uwarsa ta haife shi, ba don mugunta ba. In abin ya zo da gardama cikin dare, tsakaninsu da likitan da ya san karatun takardar akwai Funtuwa, akwai Giwa, ga daji, takardar kuma tana can ƙasan adakar uwar amarya.